Manhajar Waya a Matsayin Sabuwar Maɗaba'ar Hausa

Gabatarwa

Matashin da ya ƙware a aikin kwamfuta, ya kuma ƙudiri aniyar kafa kamfanin manhajar waya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, yakan zauna ya lissafa abubuwan da za su sha masa kai. Zai ambaci jari da wutar lantarki da tsadar data da wahalar samun masu saye. Ba safai harshe yake shiga wannan lissafi ba, domin a ganinsa Hausa abu ne da ya tsotsa a nono, ba ya bukatar kowa ya koya masa. Su kuma masana Hausa a jami'o'i ba kasafai suke kallon wannan matashi a matsayin wanda aikinsa ya shafe su ba. A wurinsu ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ne, kuma ɗan kasuwa, don haka tafiyarsa daban, tasu daban.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne dukkan ɓangarorin biyu sun yi kuskuren lissafi. Allon waya ya zama wurin da ɗimbin Hausawa suke haɗuwa da rubutacciyar Hausa fiye da yadda suke haɗuwa da ita a littafi ko jarida. Wanda yake rubuta kalmomin da ke kan wannan allo yana yin aikin da maɗaba'a ta yi a ƙarnin da ya wuce, wato yana yanke wa jama'a yadda za a rubuta harshensu da kalmomin da za su zauna a bakinsu. Yana yin wannan aiki ne ba tare da kayan aiki ba, alhali kayan suna jibge a sassan Hausa.

Darasi daga tarihin ɗab'i

Masu nazarin Hausa sun san cewa ƙa'idojin rubutun boko ba a ɗakin taro kaɗai suka kafu ba. Hans Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, an yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 domin daidaita rubutu tsakanin ƙasashe, amma abin da ya shigar da ƙa'ida cikin idon mai karatu shi ne abin da aka buga aka rarraba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Daga baya Kamfanin Gaskiya da Hukumar NORLA da Kamfanin NNPC suka ci gaba da aikin a Zariya. Yaron da ya girma yana ganin ƙ da ɗ da ɓ a kowane shafi ya ɗauke su a matsayin yadda ake rubutu, ba tare da ya taɓa jin labarin wani taro ba.

Da adabin kasuwar Kano ya ɓullo a shekarun 1980, ɗab'i ya fita daga hannun hukuma ya koma hannun marubuta masu buga littattafansu da kuɗinsu. An daɗe ana muhawara a kan ingancin rubutun waɗannan littattafai, har wasu masana suka yi musu kallon raini kafin daga bisani a amince cewa sun raya karatun Hausa fiye da duk wani shiri na gwamnati. Abin lura a nan shi ne jami'a ta iso wurin a makare. Ta zo ta yi nazari da suka bayan salon rubutun ya riga ya zauna. Manhajar waya ita ce zango na gaba a wannan tafiya, kuma alamu sun nuna ana shirin maimaita makarar.

Lissafin mai ƙera manhaja

Kafin a ɗora wa wannan matashi laifin ɓata harshe, ya kamata a san halin da yake ciki. Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a a Nijeriya da Nijar na tsarin Android ne, irin su Tecno da Infinix da itel, don haka kasuwarsa ta farko ita ce Google Play, inda zai biya dala 25 sau ɗaya kuɗin rajista. Idan yana son masu iPhone, Apple yana karɓar dala 99 duk shekara. Daga abin da ya sayar ta cikin manhajar, Google yana cire kashi 15 cikin ɗari a kan dala miliyan ɗaya ta farko a shekara. Kwamfutocin da za su riƙe masa bayanai a intanet yawanci da dala ake biyan hayarsu, alhali shi da naira ko sefa yake samun kuɗi. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya sa mai saye yake ƙara tunani kafin ya sauke wata sabuwar manhaja.

Akwai dokokin da suka zo da sauƙi da kuma nauyi. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanin da ya samu shaidar hukuma, wanda bai wuce shekara goma da rajista ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta wajabta masa neman yardar mai amfani da manhaja kafin ya tattara bayanansa. A nan ma harshe ya leƙo, domin yardar da aka karɓa da dogon Turancin lauyoyi daga wanda ba ya jin Turanci yarda ce ta fatar baki.

Mutumin da ke cikin wannan matsi ba zai ware wata shida yana neman fassarar da ta dace da maɓalli guda ba. Zai buɗe Google Translate, wanda ya fara ɗaukar Hausa tun Disamban 2013, ya kwafo abin da ya samu, ko ya tambayi abokinsa, ko ya bar kalmar da Turanci. Abin da ya zaɓa a daren nan shi dubban mutane za su riƙa gani kullum.

Inda harshe ya zama kuɗi

Matsalar haruffa masu ƙugiya ta isa misali. An saba danganta zubar da su ga lalacin matasa, amma tana da tushe na fasaha da na kuɗi. Saƙon tes na tsarin GSM, wanda ya shigo Nijeriya a 2001, yana ɗaukar harafi 160 idan an tsaya ga haruffan da tsarin ya tanada. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, saƙon ya koma wani tsari da ke ɗaukar harafi 70 kacal. Kamfanin da ke aika wa abokan cinikinsa dubban saƙonni zai iya biyan ninki biyu ko uku saboda ƙugiya. Ga shi kuma shekaru da dama madannan waya ba su da waɗannan haruffa, har jama'a suka saba da rubutu ba tare da su ba. Yanzu da Unicode ya tanade su, Gboard kuma yana da Hausa, sabon ya riga ya bi jiki.

Sakamakon haka yana komawa kan mai manhajar. Mai neman littafi ko kaya zai rubuta kasa yana nufin ƙasa, ya rubuta baki yana nufin baƙi, ya rubuta fada yana nufin faɗa. Wani zai sa alamar ɗauri kafin harafin, wani bayansa, wani ya mayar da shi babban baƙi a tsakiyar kalma. Ɗan Nijar zai rubuta ƴa, ɗan Nijeriya ya rubuta 'ya. Idan akwatin bincike bai san cewa waɗannan duka hanyoyi ne na rubuta abu ɗaya ba, zai ce wa mai saye babu abin da yake nema, alhali yana nan. Haka jam'in suna. Wanda ya nemi birni ya kamata a nuna masa birane, wanda ya nemi sarki a nuna masa sarakuna, kuma babu wata dabarar yanke ɗafa-ƙeya irin ta Turanci da za ta yi wannan. Sai da jerin kalmomi da jam'insu. Haka aikatau da gireginsa bakwai kamar yadda Parsons ya tsara: saya da sayi da saye da sayo da sayar tushensu ɗaya, amma a manhajar ciniki bambancin saya da sayar shi ne bambancin wanda zai biya da wanda za a biya.

Batun ya fi tsanani idan aka zo ga murya. Duk mai son manhajarsa ta kai ga manomi ko 'yar kasuwar da ba ta karanta boko dole ya sa ta yi magana. Rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Na'urar da za ta karanta gari ba ta san ko na zama ake nufi ko na tuwo ba. Kuka na iya zama itace, ko zubar da hawaye, ko wakilin suna. Ma'aikata na iya zama mutane ko wurin aikinsu. Ya tafi kuwa tana ɗauke da lokuta daban-daban da kunne ne kawai yake rarrabewa. Mai ƙera manhaja yana jin wannan bambanci a bakinsa, amma bai san sunansa ba, balle ya san cewa ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da na Newman sun riga sun nuna karin sauti da tsawon wasali na kowace kalma.

Sai kuma tambayar da Turanci bai taɓa tilasta masa yi ba: da wa manhajar take magana? Idan ta ce shigar da lambarka, ta ware mata, waɗanda su ne ginshiƙin masu karanta littattafan soyayya da masu sana'ar cikin gida. Idan ta ce lambarka ko lambarki, allo ya cika. Idan ta ce lambarku, wani zai ji girmamawa, wani ya ji kamar da taro ake. Idan ta ce a shigar da lamba, ta tsira daga jinsi amma ta yi sanyi irin na sanarwar ofis. Wannan tambaya ce ta nazarin walwalar harshe, kuma amsarta tana iya bambanta tsakanin manhajar banki da ta hira. Haka fasa da soke da goge. A manhajar tura kuɗi, wanda ya danna maɓalli yana zaton fasawa yake yi, ashe goge tarihin cinikinsa ya yi, ba zai sake amincewa da ita ba.

Wanda ya hango kasuwar Nijar kuma zai ci karo da lissafin kuɗi. A can dala ɗaya sefa biyar ce, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1,000. A Nijeriya jaka naira 200 ce ga waɗanda suka san tsohon lissafi. Manhajar da ta karanta wa ɗan Damagaram adadi da lissafin Kano ta jefa shi cikin ruɗani a kan dukiyarsa.

Abin da ke ajiye a jami'a

Kusan duk waɗannan tambayoyi an amsa su, ko an yi rabin amsa su, a sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da sauransu. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. An yi aikin keɓaɓɓun kalmomi tun shekarun baya. Akwai kundayen digiri masu yawa a kan karin harshen Sakkwato da Katsina da Guddiri, a kan sunayen tsirrai da cututtuka da kayan sana'a, a kan hausar 'yan kasuwa da ta mata. Matsalar ita ce duk wannan yana kan takarda, a kan kanta, cikin ɗakin da ake rufewa da ƙarfe huɗu. Mai ƙera manhaja ba littafi yake bukata ba. Yana bukatar jerin kalmomi da kwamfuta za ta iya karantawa, kowace kalma da jinsinta da jam'inta da karin sautinta, tare da takardar izini da ta fayyace ko zai iya amfani da shi a kasuwanci.

Da yake bai samu wannan ba, shi da manyan kamfanonin duniya sun koma ga abin da ke warwatse a intanet. Na'urorin fassara da na ƙirƙirarriyar basira sun koyi Hausarsu ne daga irin labaran BBC da Muryar Amurka da DW da RFI, da fassarorin littattafan addini, da rubuce-rubucen kafafen sada zumunta. Kamfanin Meta ya bayyana a 2023 cewa da karatun Littafi Mai Tsarki ya horar da na'urarsa ta murya a harsuna fiye da 1,100. Hausar labarai Hausa ce mai kyau a fagenta, amma yawancinta fassara ce daga Turanci ko Faransanci, da ginin jimlarsu a ƙarƙashinta. Idan na'ura ta koyi wannan, mai manhaja ya kwafa daga na'ura, jama'a suka karanta daga manhaja suka rubuta irinsa a intanet, na'ura ta sake koyo daga gare su, to fassararriyar Hausa ce za ta zama ma'auni.

Adalci ne a ambaci cewa akwai masu ƙoƙari. Ƙungiyar Masakhane da ta HausaNLP sun samar da rumbunan bayanai irin su MasakhaNER da NaijaSenti, kuma akwai 'yan Jami'ar Bayero a cikin jagororin wannan aiki. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa. Unicode ya ƙara haruffan ajamin Hausa a fitowarsa ta 2020. Sai dai galibin masu jan ragamar waɗannan ayyuka masana kwamfuta ne. Masanin Hausa, idan an gayyace shi, yakan zo ne a ƙarshe domin duba fassara.

Hujjojin masu ja

Wasu za su ce jami'a ba baiwar 'yan kasuwa ba ce, kuma bai dace a miƙa gumin malamai na shekara hamsin ga wanda zai juya shi ya ci riba ba. Damuwar tana da tushe, musamman ganin yadda manyan kamfanoni suke kwashe rubutun mutane ba tare da izini ba. Amma kulle ƙamus a kanta bai hana kwashewa ba, ya dai hana ƙaramin mai sana'a na gida, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su sake buga shi. Maganin shi ne izini mai hawa biyu: kyauta ga ɗalibi da mai bincike da ƙaramin kamfani, da farashi ga babban kamfani, kuɗin kuma ya koma ga cibiyar da ta yi aikin da iyalan marubuta inda haƙƙin mallaka ya shafe su.

Wasu kuma za su ce a bar kasuwa ta yi halinta, harshe ba ya jin umarnin kwamiti. Akwai gaskiya a nan da ya kamata masana su haɗiye. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta iya ture kwamfuta ba, wayar tafi-da-gidanka ta bar wa wayar hannu fili. A ɗaya gefen yanar gizo ta karɓu, ita kanta kalmar manhaja daga tsarin karatu aka faɗaɗa ma'anarta ta zauna daram. Abin da wannan ya nuna shi ne kalmar da za ta rayu a allon waya sai ta zama gajera mai sauƙin faɗi, kuma sai an gwada ta a kan mutane kafin a kafa ta. Masanin da ya zo wa mai manhaja da kalma mai gaɓa takwas don a sa a maɓallin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba, shi ya kori kansa. Amma kasuwa ba za ta tsara jam'in suna ko karin sauti da kanta ba. Wannan aikin ilimi ne.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko shi ne cibiyoyin nazarin Hausa su mayar da ƙamusunsu rumbun da kwamfuta ke karantawa, da cikakken bayanin nahawu, su kuma haɗa da jerin hanyoyin da jama'a suke rubuta kowace kalma ba bisa ƙa'ida ba, domin manhaja ta gane rubutun mai amfani da ita sannan ta mayar masa da daidai. Ta haka ne allon zai koyar da ƙa'ida ba tare da tsawa ba, kamar yadda shafin Gaskiya ya yi.

Na biyu, a samar da zauren keɓaɓɓun kalmomin manhaja a intanet, wanda ya haɗa masana daga Nijeriya da Nijar da masu sana'ar kansu, yana amsa tambaya cikin mako guda. Kwamitin da ke zama sau ɗaya a shekara ba zai yi wa mai fitar da sabon zubi duk wata amfani ba.

Na uku, a buɗe wa ɗaliban Hausa ƙofar wannan sana'a ta hanyar kwas na haɗin gwiwa da sashen kwamfuta, da tura su horon sanin makamar aiki a ƙananan kamfanoni. Shi ma mai kamfani ya sa kuɗin masanin harshe a kasafinsa tun farko, ya kuma rubuta allon manhajarsa da Hausa kai tsaye maimakon ya rubuta da Turanci ya nemi mai juyawa.

Na huɗu shi ne adanawa. Kamfanin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka ɗora littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma yana aiki. Ƙananan kamfanoni suna mutuwa, wannan ɗabi'ar kasuwa ce. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta sa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, amma littafin da aka sayar babi-babi ta manhaja ko WhatsApp ba ya bi ta wannan ƙofa. Idan sassan Hausa ba su ƙulla yarjejeniyar ajiya da masu manhajojin karatu ba, da yardar marubuta, adabin wannan zamani zai iya ɓacewa kafin a rubuta kundin digiri na farko a kansa.

Kammalawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kasuwar manhajar Hausa ɗanya ce har yanzu. Kamfanonin ƙanana ne, masu su matasa ne da ake iya samu a waya, da yawansu ma tsofaffin ɗaliban jami'o'in nan ne. Kalmomin da za su zauna a allon banki da na asibiti da na makaranta ba su gama daskarewa ba. Cibiyar da ta fara sakin ƙamusunta cikin sigar da mai ƙera manhaja zai iya ɗauka ya yi aiki da ita, da sharuɗɗan da zai iya biya, za ta yi tasiri a kan rubutun Hausa na shekaru hamsin masu zuwa irin wanda Zariya ta yi a shekarun 1930 da 1940. Idan babu wadda ta yi, matashin zai ci gaba da kwafowa daga na'urar fassara, kuma ba za a iya cewa laifinsa ne shi kaɗai ba.